Malama Sannu-Sannu da Kalmarta Guda

Ƙarfe huɗu na yamma, bayan yara sun watse, Malama Sannu-Sannu take buɗe ajin ƙarshe na makarantar firamare, ta zazzage jakarta kan tebur: kwalbar magani, tsohon tikitin mota, da kyamarar da ta daɗe da mutuwa. Mu manya muna takure kan bencin yara, gwiwoyi sun tokare tebur. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, wannan watan za ta ajiye aiki.

Mu muka laƙaba mata sunan, don kalmar Turanci guda sai ta cinye mana wata cur. Ta farko ita ce "take". Yau ka sha magani da ita, gobe ka hau mota da ita, jibi ka ɗauki hoto. Ba ta yarda da hadda ba, sai ka tashi ka yi abin da hannunka. Wani direba a ajinmu ya ce da wannan tafiyar jikokinsa ne za su ga shafi na biyu. Ta yi dariya, ta miƙa masa kwalbar.

Ni maganin Inna, mahaifiyata, ne ya kai ni ajin. Tana da hawan jini, ni ke ba ta ƙwayoyi, alhali ban iya karanta takardar maganin ba. Na taɓa ninka mata, ta kwana biyu a asibiti. Tun daga ranar, in na miƙa mata sai ta tsaya ta dubi fuskata kafin ta haɗiye. Abin yana ci min rai ƙwarai.

Malama kaɗai na gaya wa. Ba ta yi min faɗa ba, ta ce in kawo kwalayen maganin. Mako uku muka yi a kansu, layi bayan layi.

Ran nan likita ya canza maganin. Na karanta rubutun kwalin da ƙarfi, na fassara: ɗaya, bayan abinci, sau biyu a rana. Inna ba ta jin Turanci, amma ta ce, "Sake karantawa in ji." Na sake. Ta karɓa ta haɗiye, ba ta dube ni ba.

Malama, ke ce ba ki taɓa gajiya da maimaici ba. Na gode, Allah ya saka da alheri. Masu koyarwa kuma ku rage gudu, ku jira na baya. Wataƙila maganin uwarsa ne a aljihunsa.