Ɗan'uwan Haya

Shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas aka jibge ta a Abuja, manyan motoci sun yi ta shigowa da tebura da kujeru da tafiretoci. Wasu kayan su iso lafiya, wasu a karye, wasu kuma su yi ɓatan dabo a hanya. Maigidana gyaran tafireta ce sana'arsa, don haka muna zuwa ya kama ɗan shago a kasuwar Wuse, aiki har ya fi ƙarfinsa. Ni ina ofis, shi yana shago, muna zaune da yaranmu a gidan gwamnati da aka ba ni.

Wani mutum ya kawo masa tafireta gyara, ya ce zai dawo. Kafin ya dawo 'yan sanda suka zo, suka kifa ta, suka ga lambar gwamnati a gindinta, suka ce tana cikin kayan da suka ɓace. Suka haɗa da maigidana suka tafi. Ranar Alhamis ce. Maƙwabcin shagonsa ne ya zo ofis ya gaya mini, yana ta nanata cewa in kwantar da hankalina. Ban kwantar ba, domin na san abin da shi bai sani ba: maigidana yana da asma mai tsanani. Ɗakin da aka share da ƙura kawai yana iya kwantar da shi, balle ɗakin da aka cusa maza fal babu taga.

Da na isa ofishin 'yan sandan, na hango takalmansa da bel ɗinsa a kan kanta, ga maganin shaƙarsa a cikin takalmin. Na roƙi kofur ɗin da ke wurin ya miƙa masa. Ya ce ba a shiga da abin ƙarfe, in ciwon ya tashi za su fito da shi ya shaƙa. Na tambaye shi wa zai san ya tashi, tunda mai asma ba ya iya ihu. Ya ci gaba da rubutunsa kamar da bango nake magana.

Da safiyar Juma'a na koma. Kofur ɗin da kansa ya ce mini mutumina ya hana kowa barci da tari. Ya kuma ce in ba a gama maganar beli kafin ogansu ya tashi da yamma ba, to sai Litinin. Na san maigidana ba zai kai Litinin a ɗakin nan ba.

Aka kai ni wurin sufeton da ke riƙe da maganar, wani mutum mai sanyin murya, Hausarsa ta barikin Abuja. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ba a kai kotu ba tukuna, don haka su za su iya ba da beli. Ana son wanda zai tsaya masa: ma'aikacin gwamnati mai ɗan matsayi, mai gidan da za a iya zuwa a same shi a cikin Abuja, wanda ya san wanda aka kama sani na gaske. Zai kawo hotonsa, ya sa hannu cewa duk ranar da aka nemi mutumin zai kawo shi. In ya gudu, wanda ya tsaya masa za a kama.

Har murmushi na yi. Na ciro katin aikina da takardar gidan na ajiye masa a kan tebur. Ya duba da kyau, ya ce matsayina ma ya wuce abin da ake nema, sannan ya turo mini kayana.

"Madam, mace ba ya karɓan beli a nan. Ki kawo namiji."

Na tambaye shi a wace doka aka rubuta haka. Ya ce ba maganar doka ba ce, haka ake yi. Wai in mutumin ya gudu, yaya za su yi su kulle mace mai yara? Tausayina suke ji ke nan. Raina ya ɓaci. Ni da nake sa hannu a takardun da ake biyan ɗaruruwan maza albashi, hannuna bai isa ya fito da mijina ba. Na haɗiye abin da ya zo bakina, don mijina yana hannunsu.

Na fita neman namiji. A Abuja ta wancan lokacin wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin kowa baƙo ne. Abokan aikina da yawa iyalansu na Legas, su kuma suna raɓe a ɗakin wani, ba su da gidan da za su nuna. Abokan maigidana na kasuwa, Kanawa da Katsinawa, sun taso da zuciya ɗaya, amma ba ma'aikata ba ne, kuma yawancinsu a Karmo suke kwana, inda gida ba shi da lamba. Shugabana na ofis ya cika kowane sharaɗi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya ce kayan gwamnati ne ake magana, sunansa ba zai shiga ciki ba. Har yau ina gaishe shi, amma gaisuwar ba ta wuce leɓe.

Ana sakkowa daga masallacin Juma'a na dawo ofishin 'yan sandan hannu rabbana. Na zauna a benci wurin wata mai sayar da abinci a bakin ƙofa, hawaye suka zubo ban shirya ba. Matar ta dube ni, ta nuna mini gindin wani mangwaro da baki. Wasu maza ne zaune da manyan riguna, kamar masu jiran ɗaurin aure. Ta ce aikinsu ke nan, tsaya wa wanda ba shi da kowa.

Wanda ya taso ya zo wurina dogo ne, hularsa ta sha guga. Ma'aikaci ne na gaske, an turo shi Abuja an ba shi gida, amma teburinsa da aikinsa suna Legas, sai ya samo wa kansa abin yi. Hotunansa ma a shirye suke a aljihu. Muka daidaita kan abin da zan ba shi, ban ko yi ciniki ba. Ya ce shi zai zama wan maigidana, uba ɗaya, don haka in gaya masa komai.

Na nuna masa katin asibitin maigidana ya ga suna. Na gaya masa unguwarsu a Zariya, da sana'ar mahaifinsu, da yawan yaranmu, da tabon da ke haɓarsa. Yana ji yana sosa kunne da tsinken ashana. Na ce ya maimaita, ya maimaita, ya sa tabon a goshi. Na gyara masa. Sai da muka taka matakalar shiga na tuna abin da ya fi komai: maigidana bai san da wannan shiri ba, kuma babu halin in gaya masa.

Sufeto ya dubi mutumin, ya dube ni. Na tabbata ya san shi sarai, amma ya yi tambayoyinsa kamar yau ya fara ganinsa. Mutumin ya amsa tiryan-tiryan. Ya manna hoto, ya sa hannu. Ni aka ce in tsaya daga bakin ƙofa. Sannan aka fito da maigidana.

Ba riga a jikinsa, kafaɗunsa sun ɗage, leɓɓansa sun yi duhu. Daga inda nake ina jin ƙirjinsa yana fito. Sufeto ya nuna dogon mutumin da biro.

"Oga mai gyara, ka san wannan?"

Maigidana ya dubi mutumin sama da ƙasa. Ya juyo ya dube ni. Mutum ne da ko a ciniki ba ya rantsuwa, kuma na ga amsar gaskiya tana taruwa a bakinsa. In ya faɗe ta, shi zai koma ciki, mai tsaya masan ya bi shi, wataƙila har da ni. Ban iya ko ƙifta masa ido ba, don kofur yana kallona. Na dai tsaya ina kallonsa, ina roƙon Allah a zuci. Ya ja numfashi da ƙyar, ya sunkuyar da kai.

"Yayana ne," ya ce.

Sufeto ya rattaba hannu. Ya ce Litinin da safe su dawo tare, su biyun, in ɗaya ya zo babu ɗaya belin ya warware. Ya kama hannun maigidana ya danƙa a hannun mutumin, ya ce ya ba shi amana. Suka fita riƙe da juna, ni ina biye da takalma da bel da riga.

A gindin mangwaron maigidana ya durƙushe. Na sa masa maganin a baki, ya shaƙa, ya sake shaƙa, ina riƙe da bayansa ina jin yadda iskar ke neman hanya. Mutumin ya saki hannunsa, ya karkaɗe rigarsa, idonsa ya riga ya koma kan wata mata da ta fito tana kuka. Har ya taka zai tafi, ya juyo.

"Hajiya, yaya ma sunansa?"

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kama sunan mijina ba, ko a bayan idonsa. Haka aka rene ni, boko bai canza wannan ba. Na dube shi a durƙushe, bai da numfashin da zai amsa da kansa. Ranar Litinin kuma sai da mutumin nan. Na buɗe baki na faɗi sunan a gaban mai shi, a hankali, na sake faɗa, na ce ya maimaita in ji.