Baba Gabdo da Ƙarfen Gidan Mama Selina

Kullum da hantsi za ka tarar da Baba Gabdo maƙerin bindiga a rumfarsa ta unguwar Lamorde a Mubi, tabarau ɗaure da zare, yana faɗa da mafarauta kan sun bar bindigoginsu na toka sun yi tsatsa. Duk ƙarfen da aka miƙa masa, kafin ya duba sai ya shinshina. An yi masa dariya har an gaji. Yanzu ido ya yi rauni, ya ce a watan gobe zai rufe rumfar.

Mutanen unguwar Yelwa ba za su manta da shi ba. Bara aka tsinci wani ƙarfe mai hannu biyu da ramuka a ƙofar ɗakin Habib, mai keke Napep da ke haya a gidan Mama Selina. To, Mubi ta ga tashin hankali, baƙon ƙarfe ba abin wasa ba ne. Nan da nan aka cika gidan, 'yan banga suka riƙe wa Habib wuyan riga, yana rantsuwa ba mai saurare. Wani ya ce a kira Baba Gabdo tukuna.

A irin wannan rana maƙerin bindiga mai wayo zazzaɓin ƙarya yake yi. Baba kuwa ya zo. Ya ɗauki ƙarfen da kowa ke gudu, ya juya shi, ya kai hanci.

"Kayan bindiga ne," in ji shi. "Da shi ake zuba dalma a yi harsashi."

Habib ya zauna daɓas.

"Ku dakata mana, ban gama ba! Rabon ƙarfen nan da dalma tun ba a haifi yaron nan ba. Citta yake wari. Wa ke sayar da zoɓo a gidan nan?"

Kowa ya waiwaya. Mama Selina tana bayan tulu, tana gyara ɗankwalin da bai karkace ba.

"Wayyo Yesu, nawa ne," ta ce. "A akwatin baban mijina na samu. Na ce abin matse citta ne. Na wanke na shanya a wurin rana a ƙofar ɗakin Habib, da na ga 'yan banga bakina ya mutu."

"Shi ya sa zoɓonki ke harbi a maƙogwaro," in ji Baba.

Dariya ta ɓarke, har da 'yan bangan. Mama Selina dai kuka ta fashe da shi, tana cewa, "Habib ɗana, ka yafe mini." Habib ya yafe, amma har yau ba ya shan zoɓo.

Baba Gabdo, kai ne ka fito ranar da ɓuya ta fi sauƙi. Ba ka yi ƙarya don ka ceci yaro ba, ba ka kuma tsaya a rabin gaskiya ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta cikin jikoki.

Mu kuma sauran, in an taru a kan mutum kuma mun san wani abu, mu buɗe baki. Domin dattijo ɗaya ya yi haka, ranar nan Habib a ɗakinsa ya ci tuwon dare, mahaifiyarsa da ke garin Uba ba ta ma ji labarin ba sai da ya zama abin dariya.