Kaset ɗin da Yaya ya bari

Waƙoƙin da na fi so a duniya guda tara ne, kuma ban san sunan ko ɗaya ba. Yayana ne ya tara su a kaset ɗaya, lokacin yana karatu a Yelwa. Waƙoƙin Turawa ne, amma ba irin na rawa da ake sakawa a shaguna ba. Jita ce a hankali, da muryoyi kamar na masu mura. Abokansa suna ce masa mai jin waƙar makoki, shi ko a jikinsa.

Ba shi da rediyo mai bakin kaset biyu. In ya aro kaset, sai ya zo gida Fadaman Mada, ya haɗa rediyonsa da na Baba fuska da fuska, ɗaya na waƙa ɗaya na ɗauka. Saboda haka duk abin da ya motsa a ɗakin yana shiga. A waƙa ta biyu akwai carar zakaranmu. A ta huɗu, wadda na fi so, wata mata ce ke rerawa kamar tana tsoron ta da wani daga barci, kuma a tsakiya Yaya ya yi tari, ya bi ta da ƙaramar murya, bai ma iya ba.

Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Hotonsa ɗaya muke da shi, muryarsa kuwa babu ita ko'ina sai a wannan kaset.

Bayan an yi arba'in na fara kunnawa da rana, in gida ya yi shiru bayan azahar. Ina kaiwa ta huɗu sai in mayar baya da biro don kada batir ya ƙare. Ran nan Umma ta tsaya a bakin ƙofa, ban ji zuwanta ba.

"Ke yanzu ba ki tausayin ɗan'uwanki? Shi ya haɗa abin nan da hannunsa. Duk sanda kika kunna, shi ake rubuta wa, yana kwance ba ya iya kare kansa."

Na ji haushi sosai, na ce, "Umma, tari fa kawai ya yi." Ta ce in ba zan ƙona ba, to in ɗora karatu a kai, ko ya samu lada maimakon nauyi. Kwana biyu ina kumbure-kumbure, amma maganar ta riga ta shige ni. Da na kai hannu ga rediyon sai in ga kamar ina ɗora masa dutse.

Tun yana raye Yaya ya karya 'yan haƙoran bayan kaset ɗin don kada wani ya goge masa. Na cusa takarda a ramukan, na haɗa rediyo biyu yadda yake yi, na ɗora karatun wani malami a fuskokin kaset ɗin biyu. Ina yi ina kuka.

Washegari da rana na kunna don in tabbatar. Karatu ya fito tas. Can sai na ji wani abu a ƙarƙashinsa, siriri, kamar daga gidan maƙwabta. Na leƙa tsakar gida, ba kowa sai kaji. Na dawo na kara kunne. Jitar ce. Matar nan tana nan tana rerawa a bayan malam, kuma daidai wurin da na sani, Yaya ya yi tarinsa.

Na kai wa mai gyaran rediyo na bakin titi, wani mutumin kudu. Ya saurara, ya yi dariya. "Ƙarfen da ke goge kaset a rediyon ya tsufa, ba ya gogewa da kyau. Ba aljani ba ne, 'yar'uwa." Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Sai dai da na koma gida na juya ɗaya fuskar, na bar ta tana tafiya. Karatun ya ƙare kafin zaren ya ƙare. Ban taɓa sauraron wannan wurin ba, don a zatona babu komai. Shuuu kawai, na ɗan lokaci. Sai muryarsa ta fito, ba waƙa ba karatu, kusa kamar yana zaune a gefen tabarmata.

"Ke, kashe haka nan. Ya isa."

Na san bayanin. Wata rana ce yana ɗauka, ya sa ni danna maɓalli. Na yi ta ƙoƙarin tuna ranar, shekara da shekaru, ban tuna ba.

Na kashe. Na fita na miƙa wa Umma kaset ɗin tana tankaɗe, ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban tambayi inda ta kai shi ba.

Yanzu 'ya'yana suna cewa in rera musu kaɗan, waya za ta nemo min waƙar cikin minti ɗaya. Na ƙi. Amma wani lokaci ina wanke-wanke sai in tsinci bakina yana bin ta huɗu, har da wurin tarin. Sai in yi shiru, in nema masa gafara.