Albasar da Ba Ta Ruɓewa a Kwamfutar Mushe Ezekiyel

Mijin yayata ne, shi ya sa nake da bakin magana. A wajenmu ƙanen mata yana da damar tsokanar mijin yayarsa yadda ya ga dama, ba wanda zai ce masa kanzil. Ni dai na daɗe da wuce tsokana. Raina shi nake yi, kuma ya sani. Sunansa Ezekiyel, amma in ka kira shi haka ba zai waiwayo ba sai ka sa masa Mushe a gaba, wato Malam da Faransanci.

A Galma aka haife shi, gidan manoman gero kamar na kowa. Ubansa yana cikin waɗanda suka fara shiga addinin Kirista a yankinmu, don haka aka sa yaron lakwal, wato makarantar boko, ta mishan, daga nan ya wuce kwaleji a Madawa. Sau biyu yana zana jarrabawar fita, sau biyu yana faɗuwa. Ya dawo gida ba takardar shaida, sai alƙalamin bik uku a aljihun riga da wata irin tafiya ta ɗaga kafaɗa. Aka ɗauke shi magatakarda a ƙaramar likitar mishan ta garinmu, wato asibiti, yana rubuta sunayen marasa lafiya a kati. Shekara ashirin ya yi a kan kujerar nan. Tsohuwa za ta taho tun daga Urno a kan jaki, zazzaɓi na kaɗa ta, shi kuwa ya tambaye ta sunanta da Faransanci. In manomi ya ba shi hannu, sai ya saci jiki ya goge tafinsa a wando.

Yadda aka yi yayata Tabita ta aure shi, har yau ban gane ba. Ita ce ta tashi tana ban ruwa tare da babanmu Jima a garkarsa ta albasa da ke fadama. Da ya rasu ni na riga na zama direban kamiyo, babbar motar kaya, ina kai albasa Abijan, don haka garkar ta zama tata ba tare da gardama ba. Garkar nan ce ta ciyar da gidansu. Ita ta biya kuɗin makarantar 'ya'yansu uku, ita ta sayi hatsi duk shekarar da damina ta yi gardama. Albashin Mushe kuwa a riguna masu dogon hannu da man goge takalmi yake ƙarewa.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa aka kawo wa likitar wani Bature ɗan Kanada mai kula da kuɗi. Ya zo da kwamfutarsa, wadda mu nan muke ce wa odinatar. A cikinta akwai wani tsari da yake bin dukiyarsa ta can gida da shi. Wai a ƙasarsu mutane da yawa kan haɗa kuɗi a asusu ɗaya, a ba masana su juya, kowa da yawan kasonsa. Duk wata ɗan'uwansa kan yanko masa shafin jarida mai farashin kason ya aiko ta gidan waya. Baturen ya gaji da bugawa, ya koya wa Ezekiyel. Aikin bai fi cika gurbi uku ba: sunan asusu, yawan kaso, farashin ranar. Kana bugawa sai na'urar ta zana wani koren layi, ya hau ko ya sauka.

Wayyo, ranar da ya fara ganin layin nan! Mako guda bai bar kowa ya sha ruwa ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya karkato da hira ta biyo ta kan odinatar. Da Baturen ya gama wa'adinsa ya bar masa na'urar a ofis, tunda can ne akwai wuta. Daga ranar Ezekiyel ya daina ɗaukar kansa magatakarda.

Dabarar da ya fito da ita ba sabuwa ba ce. Kowa a Adar ya san albasa ba ta da daraja lokacin cira, tana tsada bayan damina. Mai hali kan saya da arha ya zuba a rudu, wato rumbun kara da ake ɗorawa a kan itace don iska ta riƙa ratsawa, ya jira. Abin da Ezekiyel ya ƙara shi ne suna da na'ura. Ya tara ma'aikatan likita da mutanen majami'a, ya ce za a kafa asusu irin na Turawa, kowane buhu kaso ɗaya ne, odinatar ce za ta faɗi ranar sayarwa. Masu shara da masu wanki suka kawo ɗan abin da suka tara. Amma shugaban asusu ba zai yarda wani ya fi shi kaso ba, aljihunsa kuwa ba komai sai bik. Nan ya juya kan garkar Tabita.

Ya ce ta ba da ita jingina ga Abdulmumin, maƙwabcin babanmu a fadama, dattijo mai mutunci. Ƙa'idar jingina sananniya ce: wanda ya ba da kuɗi shi ke noman wurin har ranar da aka mayar masa da abinsa. Tabita ta ƙi. Ya bi ta da daɗin baki, ya ce ai an riga an cire albasar bana, garka zaune take, kafin lokacin dashe ya zo an sayar, an fanso ta, har da riba a sama. Ina wurin ranar da ta sakko.

“Baban Priscilla,” ta ce, “wagga garka ita ɗai ta gare ni. In ta tahi ba ni da wata.”

“Ke dai ba ki san lissahi ba,” in ji shi. “Odinatar ba ta ƙarya.”

Aka sayi buhu ɗari biyu, aka juye a rudu huɗu a kan tudun bayan gari. Ya zauna ya buga: sunan asusu, albasa, yawan kaso, ɗari biyu. Duk lokacin da na dawo daga hanya sai ya tare ni tun ban kashe mota ba, yana tambayar nawa buhu ya kai. In faɗa masa, ya ruga ofis. Ranar Lahadi bayan sujada masu kaso kan yi layi a bakin tagarsa su leƙa. Shi kuma ya tsaya da bik yana nuna musu koren layin yana hawa, yana bayani kamar shi ya halicci albasa.

Wanda ya taɓa ajiyar albasa ya san ba a barin ta ta kwana da ruɓaɓɓiya. Ana buɗe rudu a kai a kai, a tsince wadda ta yi laushi a zubar, don ɗaya takan shafa wa goma. Da ruwan farko ya sauka Tabita ta je da mata biyu suka yi tsinta, suka zubar da abin da ya kai buhu biyu. Ta dawo ta gaya masa don ya gyara lissafinsa. Ya tafi ofis ya zauna gaban na'ura, ya duba sama ya duba ƙasa. Tsarin Baturen saye ya sani da sayarwa. Kason Turawa ba ya ruɓewa, ba ya tsiro, ɓera ba ya cin sa, don haka babu gurbin da za a rubuta an zubar. Da ya rasa yadda zai yi sai ya buga cewa an sayar da buhu biyu a kan sifiri. Nan take layin ya lanƙwaso ƙasa.

Mai hankali da ya ga haka zai ce na'urar ba ta san albasa ba. Mushe Ezekiyel cewa ya yi albasa ce za ta bi na'ura. Ya goge abin da ya buga, layin ya miƙe, ya koma gida yana huci.

“Wa yac ce ki taɓa kayan asusu?”

“Ruɓaɓɓu na munka zubda. In an bar su sai su ci sauran.”

“Kin ɓata mini kurbu! Mi za ni hwaɗa ma mutane ran Lahadi? Ɗari biyu anka rubuta, ɗari biyu za ta zamna.”

Kurbu shi ne layin nan nasa. Washegari ya sa aka yi wa kowane rudu ƙofar kwano, ya danna kwaɗo, ya jefa mabuɗan a aljihu tare da bik. Kwaɗo a jikin kara! Akuya ma in ta so shiga ba ta ƙofa za ta bi ba. Amma ba ɓarawo ya kulle wa ba, matarsa ya kulle wa, ita kuwa ba mai fasa rumbun da miji ya rufe ba ce.

Damina ta yi kyau a shekarar, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu wucewa ta tudun suka fara toshe hanci. Aka gaya masa, ya ce albasa dama wari gare ta. Ƙafarsa ba ta taka wurin ba ko sau ɗaya, don hanyar akwai taɓo, takalmin kuwa an sha wahalar goge shi. Wajen ƙarshen damina wani ɗan kasuwa ya zo neman kaya, ya yi tayi mai kyau, ko da rabin ne. Kuɗin rabin ya isa a fanso garka har a sami canji. Tabita ta roƙe shi har da hawaye. Na sa baki ni ma.

“Yaya Mushe, ka saida rabi ka amso mata garkatta. Sauran ka yi ta kallo cikin talabijin ɗinka har Kirsimeti.”

“Manzo, kai tuƙi ka sani,” ya ce. “Kurbu na hawa, wa ka saidawa?”

Sai da sanyi ya fara shigowa, masu garka suna ta gyaran fangali don dashe, sannan ya ce odinatar ta nuna lokaci ya yi. Ya ɗauki hayar kamiyon maigidana, ni na tuƙo ta har gindin rudu. Masu kaso suka zo da kayan Lahadinsu. Ya sa farar riga, ya zaro mabuɗi, ya buɗe na farko.

Ba zan ɓata bakina wajen kwatanta abin da ya fito ba. Baƙin ruwa ne ya biyo itacen yana ɗiga, ƙudaje suka tashi, albasar sama ta yi tsiro, ta ƙasa ta zama kunu. Matan suka ja zane suka rufe hanci. Aka buɗe sauran ukun, duk kanwar ja ce. Da aka gama tsinta, abin da ya tsira bai cika buhu talatin ba. Ina kallonsa ina jira in ga ko kunya za ta kama shi. Ya dubi tulin, ya dube mu, ya ce:

“An yi muna sata. Ɗari biyu na cikin odinatar.”

Mabuɗan suna hannunsa yana wannan magana.

Dattawan majami'a suka zauna a kan batun. Aka yanke cewa zai riƙa biyan masu kaso daga albashinsa duk wata har ya gama. Ya karɓa da sauri, har da jawabi a kan riƙon amana, don sunansa a gari ya fi masa komai. Da aka zo kan kuɗin garka sai ya ce wannan maganar cikin gida ce, ba sai an sa ta a gaban jama'a ba. Mai shara ya sami nasa, mai wanki ta sami nata. Tabita, da ta fi kowa zubawa, aka bar ta a ƙarshen layi, layin kuma bai taɓa isowa kanta ba. Na so in fanso mata, amma abin da direba ke samu bai taka kara ya karya ba.

Na'urar ta mutu bayan shekara biyu. Ya sa aka yi mata rufi mai ado, tana nan a kusurwar ofis. Har gobe in ka zauna da shi zai gaya maka tsarin daidai yake, mutanenmu ne ba su waye ba. Ya yi furfura, ya ƙara bik ɗaya.

Abdulmumin ba mugu ba ne. Ya sha aiko wa Tabita cewa duk ranar da ta kawo kuɗi garka tata ce. Amma shi ma yana da 'ya'ya, kuma ƙa'ida ta ba shi, don haka ya dasa albasarsa.

Lokacin cira, matan da ba su da garka kan bi garake su roƙi lawashi, ganyen da aka yanke aka watsar, su daka su yi gabu su kai kasuwa. Bara ina lodi a garkar, ina saman kamiyo ina jera buhuna, sai na hango Tabita cikin matan nan da tsohuwar tasa a ka. Ban san ta fara wannan ba. Sauran suka shige. Ita ta tsaya a bakin shinge ta yi sallama, ta jira.

Abdulmumin ya taso da sauri, ya rasa inda zai sa idonsa.

“Ɗiyar Jima, ke ma sallama za ki yi nan? Shigo mana.”

“Garkar mutane ta, Baba,” ta ce. “Ina za ni ɗiba?”

Na juya na ci gaba da jera buhuna. Dattijon ya ɗaga hannu ya nuna ko'ina. Ba ta motsa ba sai da ya nuna mata fangali ɗaya, sannan ta sauke tasar ta duƙa.