Ranar da Na Saki Kifin Alhaji

Kakata Iya Hurera mai banda ce. A ƙauyenmu na bakin tafki, can wajen Nguru, yaron da yake son tatsuniya dole ya sha hayaƙi, domin ba ta ba da labari sai a gindin murhun banda. Da an idar da magariba za mu kewaye ta idanu na hawaye, ita kuwa tana juya tarwaɗa da hannu kamar wutar ƙawarta ce. Wanda ya yi tari sai ta harare shi. "Jikan masunta da tsoron hayaƙi? Tashi ka koma zanen uwarka."

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta mutane. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe cikin kwale-kwale." Mu amsa, "Ta iso gaɓa mu ji ta."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta sarkin da ya ɗanɗana ƙwan kifi, ya rantse ba ya ƙara cin komai sai shi. Masunta kuwa suna da doka tun kaka da kakanni: in ruwan farko ya sauka kifi ya ɗauki ƙwai, duk mai cikin da ya faɗa komarka, ka mayar da shi ruwa. Sarki ya aiko a karya dokar. Kowa ya bi, ana cewa bin na gaba bin Allah, sai wani tsoho mai suna Jatau. Ya kamo giwan ruwa cikinta ya yi tulu, 'yan aiken sarki suna gaɓa sun miƙo hannu. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya sake ta. Aka fasa masa gora, aka ƙone komarsa, aka kore shi daga garin.

Nan za mu yi caa. "Sai kifin ya kawo masa zinariya, ko Iya?"

"Wace zinariya? Kifi ne fa, ba aljani ba. Can ya mutu a garin wasu yana saƙar tabarma."

"To me ya samu?"

"Ya samu hannunsa bai yi abin da zuciyarsa ta ƙi ba. Ƙurunƙus kan tarwaɗa, ku ba ni wuri."

Gaskiya na tsani tatsuniyar nan ina yaro. Mutum ya yi daidai kuma ya tashi a tutar babu, ina daɗinta?

Yanzu ina Guangzhou ta ƙasar Sin. Har zuwa bazarar bara, aikina yi wa Alhaji Ɗanlami na Kano sayayyar takalma a kasuwar Zhanxi, in haɗa kaya in loda masa. Shi ya kawo ni garin nan, da aikinsa nake ciyar da iyalina a gida. Bai taɓa kirana Sa'idu ba, sai Ɗan Su, wato ɗan masunta, ni kuma ina amsawa da ƙarfi don ban ga abin kunya a ciki ba.

Da Alhaji ya zo a bazarar, lokacin da bangon gidajen garin nan ke gumi saboda danshi, lawban ɗinmu, wato Basinen da muke sayen takalma a masana'antarsa, ya gayyace mu Asabar da Lahadi wani tafki a bayan gari inda ake fatsa don nishaɗi. Alhaji bai taɓa riƙe sandar fatsa ba. Ni na sa masa tana a ƙugiya, ni na nuna masa gindin ciyawar da zai jefa. Asabar ta wuce bai kama ko ɗan ƙaramin kifi ba, lawban na cika bokiti yana masa dariya.

Lahadi da hantsi sandar Alhaji ta lanƙwashe. Ya hau ihu, "Ɗan Su! Ɗan Su, zo ka cire mini!" Na naɗe wando na shiga ruwa, na rungumo kifin. Ƙato ne, mai gashin baki. Da tafin hannuna ya taɓa cikinsa na san abin da ke ciki. Na ɗan matsa, ƙwai ya tsiyayo mini a yatsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai ciki ce. A mayar da ita."

"A mayar da wa? Miƙo nan a ɗauke ni hoto, yau lawban zai san da maza yake zama. Ƙwan ma a soya mini."

"Alhaji, a gidanmu ba a fitar da mai ƙwai."

"Nan gidanku ne? Sa'idu, na ce ka miƙo."

Ran nan ya fara kiran sunana na yanka, na kuma san abin da hakan ke nufi. Na zare ƙugiyar a hankali, na buɗe hannuwana. Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, ruwa ya rufe.

Lawban ya tafa hannu yana ƙyaƙyatawa, "Meyo! Meyo!" wato babu. Wannan dariyar ce ta fi ƙona Alhaji. Muka dawo gari, kafin Juma'a ya ba wani aikina.

'Yan'uwa sun ce na yi wauta. Tafkin ba namu ba ne, kifin ma zuba shi ake yi, ba wanda zai kwana da yunwa don an soya guda. Duk na sani. Na kuma san raɗaɗin gaya wa matata a waya cewa bana sai an ja ɗamara. Yanzu a kasuwar Shahe nake yini, ina bin ƙananan 'yan kasuwa da buhunan riguna a kafaɗa. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma sai yanzu na gane Iya ba rowar ƙarshe mai daɗi take mana ba. Shirya mu take yi, don kada ranar ta zo mu tsaya jiran lada kafin mu ce a'a.

Kwanan baya muka haɗu da Alhaji a ƙofar masallaci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan Su, har yanzu kifin naka bai aiko maka da kwantena ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jego take yi. Kuma ko gobe ta sake faɗawa hannuna, sakinta zan yi."