Ɗigon Ƙarshe na Garwar Baba

Jiya na damƙe hannun jikata Maryam a gidan wasan yara, ban ma san na yi ba. Wai wuri aka ware musu suna ta zuba ruwa suna aunawa, famfo a buɗe. 

"Sitti, moyar wasa ce fa!" in ji ta. A bakinmu na can, sitti kaka ce, moya kuwa ruwa.

Ruwa da wasa? Ni a unguwar Jarwal ta Makka na tashi, shekarun 1950. Babanmu ɗan garuwa ne, a kafaɗa yake ɗauko garwa biyu daga bazan, inda unguwa ke ɗiba. Ina shekara shida na saci moɗa guda na kwaɓa ƙasa, na gina gida har da bene. Inna ta rarumo muciya.

Baba ya tsuguna, kafaɗarsa duk kanta, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ajiye muciyar nan. Wa ya koya mata cewa sai ƙasa ta jiƙu daidai bango ke tsayawa?"

Daga ranar, ɗigon ƙarshe na garwarsa nawa ne.

Na saki hannun Maryam. Amma wallahi har muka fito, yatsuna ƙaiƙayi suke in rufe famfon nan.

Ku wa ya taɓa tsugunawa ya dubi wasanku?