Baba Irimiya, Akawun Lodin Doya

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, ina kasuwar Gwada labari ya iske ni cewa Allah ya ɗauki ran Baba Irimiya Yona a gidansa da ke Dutsen Kura, bayan gajeruwar jinya. Shi ne akawun da ke rubuta mana takardar kaya, mu masu safarar doya daga Minna zuwa Legas.

Baba, lokacin da na fara wannan sana'a ban iya karatu ba, dangwala yatsa nake yi. Amma ba ka taɓa barina na dangwala ba sai ka karanta mini komai: sunan mai kaya, sunan mai karɓa, ƙwarya nawa ta doya ɗari-ɗari aka loda, lambar mota, direba da garin da za a sauke. Wata rana ka ɗora yatsana kan layin farko ka ce, “Hannah, wannan sunanki ne. Ki riƙe kamanninsa.” Daga nan na fara. Ga shi yau da hannuna nake rubuta wannan.

Ba zan manta da daminar da aka tsare Munzali direba kusa da Jebba ba. Ruwa ya jiƙe takardarsa, tawada ta wanke, masu bincike suka ce kayan sata ya ɗauko. Doyar mata da yawa na cikin motar, ta fara ruɓewa, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Aka ce ka aika da kwafin da ke hannunka. Ka ce, “Ni na ga lodin, ni na sa hannu, ni zan je.” Ka hau mota da ciwon ƙafarka, ka je ka nuna musu kwafin, aka saki Munzali. Da muka zo godiya, sai ka ce mu tafi mu gai da mai jego.

Jiya na yi lodi. Sabon akawu ya miƙo takarda, na karanta da kaina, na sa hannu, sannan na koma bayan mota na yi kuka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Alisabatu, da 'ya'yanku Philip da Sara, da direbobin tasha. Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da mu. Amin.

Hannah Edward, Fadikpe, Minna.